Sanarwar Rasuwar Na'urar Katin Shagon Malam Souley

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake mai zuciyar ya ce shi yanzu bai ma san abin da yake ji ba, ana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar na'urar karɓar kuɗi ta kati da ke shagon Malam Souley mai turare a unguwar Klémat. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin wani mai gyaran waya a unguwar Ridina, tana da shekara shida a bakin aiki. Mutanen banki suna ce mata TPE, maƙwabcinsa Haladu Bakano yana ce mata POS, mai ita kuwa Baba yake kiranta, don tafiyarta irin ta tsofaffi.

Marigayiya ba ta san gaggawa ba. Idan an cusa mata kati sai ta ce "tit", ta yi shiru tana karanta ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya da ke jikin katin. Ta nemi lambar sirri. Ta kira banki ta tambaya ko mai katin shi ne mai katin. In rezo, wato layin sadarwa, ya yarda, sai ta ce "ƙirrr", ta zaro takarda a hankali kamar mai zare ƙaya. Malam Souley ya taɓa auna ta da agogo, daƙiƙa arba'in da biyar ranar da take jin daɗin jikinta. Haladu ya sha cewa a Kano da tuni an jefa ta kwandon shara. Amma shekara shida ba a taɓa cin amanar kowa ta hannunta ba. Wani ya taɓa zuwa da katin da ba nasa ba, ya cika leda da turaren wuta mai tsada, ya laluba lamba sau uku, ta ce "tiiit" mai tsawo ta rufe bakinta. Ya ajiye ledar ya ce zai dawo, har yau ana jiransa.

Akwai wani alherinta da ba kowa ya sani ba, kuma saboda shi aka rubuta wannan takarda. Malam Souley yana da wa, Zubair, direba a wata ƙungiyar agaji, mazaunin unguwar Diguel. Shekara biyar da suka wuce mahaifiyarsu ta rasu a Damagaram. Zubair ya kama hanya ranar da labari ya zo. Souley ya tsaya jiran kayan shagonsa su tsallako iyaka daga garin Kousseri, ya ce gobe, ya ce jibi, bai isa gida ba sai ranar addu'ar bakwai. Tun daga ranar Zubair bai ƙara zama tabarma ɗaya da shi ba. Sai dai mutum ne mai tsoron zunubin gaba, don haka duk ƙarshen wata yakan shigo shagon, ya yi sallama, ya ɗauki ƙaramar kwalbar almiski, ya miƙa kati. A ganinsa ya sauke nauyi ke nan.

Ba don marigayiya ba, da iyakar abin ke nan. Ita ce take tsayar da su gaba da gaba, ba mai damar tafiya. Shekarar farko kowa allonta yake kallo. A ta biyu Souley ya ce, "Ina gajiya, Yaya?" aka amsa masa da "Ba gajiya." A ta uku aka kai ga zafin gari da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Bara Zubair ya tambayi jikin Zalika, matar Souley, ba tare da ya ɗago kai ba. Watan jiya rezo ya yanke ana tsakiyar aiki, Baba ta sake daga farko, har Zubair ya jingina da kanta ya ce Inna ma irin wannan almiskin take so. Souley ya ƙudura a ransa cewa wata mai zuwa zai ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya yi ta maimaitawa a kan babur, ya ga maganar za ta shiga tsakanin lambar sirri da fitowar takarda, har da saura.

Ciwon ajali ya fara da kumburin batir. Banki suka ce a kawo ta, gyara zai ɗauki sati uku. Souley ya duba kalanda ya ga ƙarshen wata saura kwana tara, sai ya kai ta wurin mai gyaran waya. Mai gyara ya ce batir ba komai ba ne, kuma in an bar shi ya leƙa ciki zai iya ƙara mata sauri. Souley bai so saurin ba, amma kunya ta hana shi faɗa. Ashe irinsu an halicce su ne da sharaɗin duk ranar da aka buɗe cikinsu su goge sirrin da ke ciki, kada lambar wani ta faɗa hannun ɓarawo. Sukurdireba na taɓa ta, ta ce "tit" sau ɗaya, allon ya yi fari. Ta tafi da amanar mutane, ba ta bar wa kowa ko lamba ɗaya ba.

Banki sun yi faɗa, sannan suka kawo sabuwa cikin kwana huɗu. Ba a kushe ta, an ce tsaronta ma ya fi na tsohuwa, kuma ciniki in bai kai wani adadi ba ko lamba ba ta nema, a ɗora kati kawai. Ranar Asabar Zubair ya zo, ya ɗauki kwalbarsa, ya ɗora kati. Ta ce "fit". Kafin Souley ya buɗe baki ya nemi yafiyar, wansa ya riga ya kai bakin ƙofa. Bai yi kuka ba, bai ji haushi ba. Ya zauna ya yi ta goge kwalaben da ya riga ya goge.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da naɗin takarda goma sha ɗaya da ba su shiga cikin sabuwar, da mai ita.

Ba za a yi jana'iza ba, banki sun karɓi gawar. Za a yi zaman ta'aziyya ranar Alhamis bayan la'asar a ƙofar shago, da shayi da dabino, kuma ranar ba a sayar da komai. Haladu ya ce wannan hauka ne, amma ya yarda zai ba da aron tabarma. Ana roƙon duk wanda hanyarsa ta bi ta Diguel ya kai wa Malam Zubair kwafi ɗaya na wannan takarda hannu da hannu, domin kowa ya shaida bai taɓa jin rasuwa ya ƙi zuwa ba. Malam Souley zai zauna har a kira magariba. In ba a zo ba, zai sake shimfiɗa tabarmar ranar Juma'a.