Ranar da Na Ja Motar Surukina

Shekara goma sha biyar ina tuƙa a-kori-kura tsakanin Gashua da Nguru, don haka ranar da motar surukina Alhaji Bukar ta mutu a Gashua, ban nemi shawarar kowa ba. Na riga na loda buhunan shinkafa har sun zarce kan mota, amma na ɗaura tasa a baya da igiya, shi kuma ya zauna ciki ya riƙe sitiyari.

Mai facin bakin tasha ya dubi tayoyina ya girgiza kai. "Direba, kayan nan sun fi ƙarfinsu. Sauke rabi."

Na ce, "Ƙara musu iska kawai. Kai faci ka sani, ni titi na sani."

Ya yi ta bugawa har suka yi tauri kamar dutse. Ko aunawa ban bari ya yi ba.

Rana ta take, kwalta ta ɗau zafi. Mun wuce Jajimaji kaɗan sai tayar baya ta fashe. Na danna burki iya ƙarfina, na manta ina jan mutum. Motar Alhaji ta daki tawa, buhuna suka rikito mata. Da ƙyar wasu makiyaya suka zaro shi, ƙafarsa ta dama a karye. Tsawon wata guda matata ba ta haɗa ido da ni ba.

Yanzu da sanda yake tafiya. Duk Juma'ar da na tsaya zan rage masa hanya, sai ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce, "A'a ɗana, wuce abinka. Guda ɗaya ta rage min, kuma ina sonta."