Ranar da Na Bar Hajiya a Kasuwar Kibiya

Tsufa ya fara ɗauke mini abubuwa daga kai, har da inda nake ajiye tabarau, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da muka tashi tafiyar hamada ni da Hajiya ba. Ko na so in manta, mutanen tashar Kibiya ba za su bar ni ba.

Ni malamin gona ne, a Rano na yi aiki har na yi ritaya. Matata, Hajiya Rabi, malamar firamare ce, ta daɗe tana koyarwa a Madachi, ita ma ta ajiye alli ba da jimawa ba bayana. Sai muka wayi gari mu biyu a tsakar gida, ni ina kallon darbejiya, ita tana kallona. Ban san hantsi yana da tsawo haka ba sai a lokacin.

Wata rana ta nuna mini bidiyo a wayarta. Wasu tsofaffin Turawa ne, mata da miji, sun mai da mota ɗaki, da gado da murhu, suna yawo a hamadar ƙasarsu, duk inda yamma ta same su nan ne gida. Ta ce, "Malam, shekara da shekaru ina zana wa yara tudun yashi a allo, ban taɓa ganinsa da idona ba."

Ba ta ce mu je ba. Hajiya ba ta cewa a yi abu. Sau ɗaya take faɗa, sai ta bar ka da shi.

Na sayi wata tsohuwar farar bas irin ta haya a hannun wani direba da ya gaji da ita (ita ma ta gaji da shi). Aka cire kujerun baya, kafinta ya buga gado da ɗan kantar tukwane, muka ɗaure tukunyar gas da jarkokin ruwa. Hajiya da kanta ta ɗinka labule mai kauri tsakanin mazaunin direba da ɗakin, ta ce ba za ta kwanta mutanen hanya suna leƙenta ta gilashin gaba ba. 'Yan majalisarmu ta ƙofar masallaci suka zo suka zagaya motar, ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko maganin basir zan fara sayarwa, in haka ne ina lasifikar. 'Ya'yanmu kuma suka yi ta bugo waya daga Kano, kowa da "Baba, me mutane za su ce?" Muka yi musu alkawarin ba tafiyar dare, kuma cikin gari za mu riƙa kwana. Niyyarmu mu bi ta Kibiya da Garko, mu yi ta gabas da arewa har Yusufari, inda aka ce yashi ya taru kamar duwatsu.

Da safen ranar tafiya muka yi faɗa. A kan turmi.

Hajiya ta saka turminta da taɓarya a mota, ni kuma na fitar da su a ɓoye, don a ganina motar da ƙyar take ɗaukar kanta. Ba ta gano ba sai da muka bar gari. Ta tambaye ni da me za ta jajjaga kayan miya a hamada. Na ce (Allah ya yafe mini) ai Turawan bidiyon ban ga turmi a motarsu ba. Ta dube ni, ta ce in tsaya. Ta sauka daga gaba, ta koma baya, ta hau gadonta, ta ja labule. Daga nan har Kibiya ban sake jin muryarta ba.

Ranar kasuwa ce. Muna shiga gari sai na ji daga bayan labule, "Tsaya in sayi tattasai da albasa." Ba "Malam", ba komai. Na samu wuri na tsaya a gefen tasha, kusa da motocin Kano. Ta ja ƙofar gefe ta fita, ta bar ta a buɗe. Ni kuma na zauna ina duba taswira a waya, ina shirya yadda zan ba da haƙuri ba tare da an gane haƙuri nake bayarwa ba.

Can sai na ji motar ta ɗan risina, an shigo, an ja ƙofa garam. Ƙamshin daddawa ya cika motar, na ce a raina ashe har da daddawa ta sayo. Ban waiwaya ba, ai labule ne a bayana. Na ce, "Mu tafi?"

Aka ce, "Uhm."

Wanda duk ya yi aure shekara talatin da wani abu ya san wannan "uhm" ɗin. Na tayar da mota.

Muka fita gari, hanya ta miƙe, gonaki hagu da dama, shanu suna kiwo can nesa. Ni mutum ne da bai iya magana mai laushi ba. Haka aka rene mu. Tun da muka yi aure abin da ya fi kama da soyayya da na taɓa faɗa wa Hajiya shi ne "miyar nan ta yi." Amma ranar ga ni ina tuƙi, idona a kan hanya, ba mai kallon fuskata, ga labule tsakaninmu. Sai na ji abin ya zo mini da sauƙi.

Na fara da turmi. Na ce na yi kuskure, zan sayo wani a Wudil. Shiru. Na ce to, fushin ya yi nisa, sai na ƙara.

Na tuna mata lokacin da aka tura ni Zinyau ina saurayi, yadda nake zagayowa ta Madachi a kan keke, alhali ba hanyata ba ce, don kawai in ga fitowarta daga aji. Na ce mata motar nan ba don yashi na saye ta ba, ni yashi bai dame ni ba. Na saye ta ne don in samu zama da ita mu biyu, ba jikoki, ba masu sallama. Na ce idan ta tafi biki ta kwana, gidan yakan zama kamar ofis ranar Lahadi. Na ce kullum addu'ata in riga ta tafiya, don ban san yadda ake zama a duniya babu ita ba. Har na ce mata, da bakin nan nawa, idan ta yi dariya wushiryarta ta fito, har gobe sai in ji kamar ina kan keken nan.

Na kira ta Rabi'atu. Rabon da in kira sunanta tun kafin a haifi babban ɗanmu.

Muryata ta fara rawa. Daga bayan labule kuwa na ji ana jan hanci. Na ce alhamdu lillahi, magana ta shiga. (Mura ce, daga baya na sani.) Sai na riƙe sitiyari da hannu ɗaya, na zura ɗayan ta ƙarƙashin labule, na buɗe tafi, na ce, "Ba ni."

Aka yi ɗan motsi, kamar ana kwance bakin zani. Sai na ji an danƙa mini wani abu a naɗe, mai ɗumi. Na jawo hannu na duba. Kuɗi ne.

Wata murya da ban taɓa ji ba ta ce, "Direba, ga nawa nan. Amma anya hanyar Kano ce wannan?"

Na taka birki har tukwane suka zubo. Na yaye labule. Wata dattijuwa ce zaune a tsakiyar gadonmu, ta miƙe ƙafa, ta jingina da matashin Hajiya, ga ƙullin daddawa a cinyarta. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Muka kalli juna.

Na ce, "Baba, ina Hajiya?"

Ta ce, "Wace Hajiya? Ni kaɗai ka ɗauko. Ni ma na yi mamaki, mota ta tashi da mutum ɗaya."

Sunanta Gwaggo Lami, Kano za ta sunan tattaɓa-kunnenta. Ta ji ana kiran Kano, ta ga farar mota ƙofa a buɗe, ta shiga. Da ta ga gado, in ji ta, sai ta ce ikon Allah, ashe an fara tunawa da tsofaffi. Na tambaye ta me ya hana ta yi magana tun ɗazu. Ta ce, "Na ɗauka waya kake yi, irin ta kunne da direbobi suke sawa. Kuma zancen ya yi daɗi, ban so in katse ka ba."

Wayar Hajiya tana nan gabana tana caji. Na juya mota.

Na yi ta roƙon Allah in same ta ita kaɗai a wani gefe. Ina! A kan bencin mai albasa na hango ta, ledar tattasai a cinya, mata sun kewaye ta, direbobi da 'yan acaɓa sun yi tsaitsaye. Ashe tana kallo na wuce. 'Yan acaɓa sun ce ta bari su bi ni, ta ce, "Ku bar shi. Ina so in ga inda zai kai kafin ya lura."

Ina fitowa shugaban 'yan tasha ya tare ni, wai na ɗauki fasinja ban bi layi ba. Na ce ya yi haƙuri, akwai shari'ar da ta fi tasa girma. Na ƙarasa gaban Hajiya. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga ya fi mini sauƙi. Idonta ya yi ja. Ta ce, "A tsakiyar kasuwa, Malam. A kan turmi. Har da waɗanda na koyar a cikin mutanen nan."

Sai a lokacin na gane ta ɗauka da gangan na yi. Duk maganar da nake da ita na ƙarar a hanyar Garko.

Nan ne Gwaggo Lami ta sauko daga mota, a hankali, da daddawarta. Ta ratso mutane ta tsaya gaban Hajiya, ta ƙare mata kallo, ta ce da muryar da ta isa har layin masu hatsi, "Ke ce Rabi'atu?"

Na ce, "Gwaggo, don Allah…"

"Yi shiru, Direba. 'Yar nan, kada ki yi fushi da bawan Allahn nan. Saƙonki ne ya faɗo hannuna, kuma ba zan ci amana ba."

Ta kuwa isar da shi. Ba ta rage komai ba. Ta faɗi na keke, ta faɗi na ofis ranar Lahadi, ta faɗi cewa yashi bai dame ni ba. Inda muryata ta yi rawa, ita ma ta sa tata ta yi rawa. Wurin addu'ar mutuwa mata suka ce "Allahu akbar," wani direba ya cire hula yana fifita. Ni ina tsaye, mutum mai jikoki, wanda ya koya wa rabin manoman wurin nan zuba taki, ina duban takalmina. Daga ƙarshe ta sunkuya ta ce, "Buɗe bakinki in ga wushiryar. Tun daga hanya nake son in gan ta."

Hajiya ta matse leɓe. Ta ja mayafi ta rufe baki. Kafaɗunta suka fara rawa. Sai dariya ta ƙwace mata, tasha gaba ɗaya ta ɗauka, wani ɗan acaɓa har da danna hon. Gwaggo ta juyo ta ce mini, "Kana da gaskiya, Direba."

Motar Kano ta riga ta tashi, don haka Hajiya ta yanke hukunci mu za mu kai Gwaggo. Haka tafiyar hamada ta fara da Kano. Su biyu suna bayan labule, ina jin Hajiya tana cewa, "Gwaggo, wurin keken nan, yaya ma ya ce?"

Mun isa Yusufari daga baya, lafiya lau. Wata la'asar muka hau wani tudun yashi da rarrafe, muna haki, muka zauna a samansa. Ba kowa, sai iska da bishiyoyin dabino can ƙasa. Hajiya ta ɗebi yashi tana barinsa yana zuba ta tsakanin yatsunta. Sannan ta ce, "Malam, ni fa daga bakin wata na ji. Maimaita."

Na duba hagu, na duba dama. Na maimaita, tana kallona. Na yi tuntuɓe, na tsallake wasu wurare, na haɗa gumi. Da na gama ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Gwaggo ta fi ka iya faɗa."

Abin da na koya ke nan: maganar da ka san ta mutum ɗaya ce, ka faɗa masa da wuri, kuma kana ganin fuskarsa. In ka tara ta shekara talatin, ranar da za ta fito ba ta tambayar wa ke zaune a baya.