Jatau da Tambayar da Ba Ta Gajiya

A ƙauyen Kwarin Tumfafi akwai wani magidanci wai shi Jatau, mutum mai ƙarfi da kyakkyawar zuciya, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka zai ɗauka, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da mahaifiyarsa Inna Dije, da ƙanwarsa Hansatu wadda ta karanto kwamfuta a birni, da wani jan sa da suke kiwo.

Wata rana Hansatu ta rubuta wata 'yar manhaja, ta kira shi ya gwada mata. Kwamfutar ta tambaye shi shekarunsa. Jatau ya ce a rubuta, "An haife ni shekarar da fara ta cinye gonaki." Sai ta amsa, "Ba daidai ba. Sake." Ya ce a rubuta, "Tambayi Inna." Ta ce, "Ba daidai ba. Sake." Jatau ya fusata, ya ce, "Wannan abu ba ya jin magana ne?" Hansatu ta yi dariya ta ce, "Yaya, haka ake yi. Ka yi tambaya, in amsar ba ta yi ba ka sake yi, kada ka wuce sai an ba ka daidai." Jatau ya gyaɗa kai, maganar ta zauna masa daram.

Wata rana Inna ta aike shi gidan Malam Barau ya tambayo mutum nawa za a tuƙa wa tuwon sunan da za a yi a gidansa. Malam Barau ya ce, "Kamar yadda aka saba."

"Ba daidai ba. Sake."

"To, da ɗan dama."

"Ba daidai ba. Sake."

Haka ya bi shi har gona. Da Malam Barau ya gaji, ya daka masa tsawa, "Dubu!" Jatau ya juyo da murna ya jiƙa dawar gidan kaf. Unguwar ta yi kwanaki tana cin ɗumame.

Wata rana kuma ya gamu da Baba Tunau yana ɗingishi. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana?" Tsohon ya ce, "Lafiya lau." Jatau ya dubi ƙafar ya ce, "Ba daidai ba. Sake." Sai da tsohon ya lissafa gwiwa da baya da haƙori, sannan Jatau ya ce, "Madalla!" ya wuce abinsa.

Wata rana, ran kasuwa, Inna za ta fita da Hansatu, ta ce, "Kawunka zai aiko a tafi da san nan. Kada ka kwance shi sai ɗan aiken ya faɗi sunan wanda ya turo shi." Ashe wani ɓarawo ya ji labarin aiken. Ya zo da igiyarsa ya yi sallama, ya ce, "Alhaji Haladu ne ya aiko ni."

"Ba daidai ba. Sake."

"Alhaji Haladu mai goro fa!"

"Ba daidai ba. Sake."

Ɓarawo ya zaci ya yi kuskure, ya shiga jero sunaye: Mati, Tanimu, Ɗanjuma. Da ya nemi ya sulale, Jatau ya riƙe masa riga ya ce, "Ai ba a wucewa sai an faɗi daidai." Suna nan, gumi ya jiƙa mutumin, har 'yan kasuwa suka fara dawowa, ga Inna da Hansatu da ɗan aiken gaskiya a cikinsu. Aka yi ram da ɓarawo.

Inna ta rungume san tana godiya ga Allah. Hansatu kuwa, da ta ji yadda aka yi, ta ja yayanta gefe ta ce, "Amma ai ya faɗi sunan daidai tun farko. Wace amsa kake jira?"

Jatau ya sosa ƙeya ya ce, "Au, Haladu sunansa? Ni Kawu kawai na sani."