Addu'ata Da Jakin Baba Nomau

Ko me zan manta na ƙuruciya, ba zan taɓa mantawa da daminar da na kai gayya gonar Baba Nomau ba. Shekarar tamanin da tara ce, a ƙauyenmu da ke gefen Tudun Wada ta hanyar Doguwa. Ina saurayi ɗanye sharaf, kaina cike da iska, ga Rifkatu 'yar Baba Nomau ta hana ni sukuni.

Mu Kiristan ƙauye mun bar al'adun kakanni da yawa, amma ba mu bar noman surukai ba. In kana son 'yar mutum, sai ka tara abokanka ku je ku nome masa gona, shi kuma ya koma gefe yana kallon yadda kake riƙe fartanya da yadda kake da jama'a. A nan ake yanke maka hukunci, ko a ce ka turo manyanka, ko a ce yarinya ba ta isa ba tukuna. Ni kuwa ba ni da lokacin jin "tukuna", domin akwai wani ɗan Riruwai mai jan babur da ya fara yawan bi ta ƙofar gidansu, wai hanya ce ta biyo da shi. Gidan nasu kuma a ƙarshen gari yake, daga shi sai rafi.

Ana saura 'yan makonni gayyar, ikkilisiyarmu ta tura ni taron farkawa na matasa a Zariya. A can na ga yadda ake addu'a da lasifika, mai wa'azi yana gumi yana buga ƙafa, jama'a na amsawa har kwanon rufi na rawa. Ni da a da in aka ce in yi addu'a sai in yi ta in-ina, na dawo gida da sabuwar murya. Addu'ar dattawanmu duk ta yi mini lami. Na riƙa zagayawa bayan rumbu ina gwaji, kaji na kallona.

Na kuma dawo da dokoki guda biyu da na ɗora wa zumuntar matasa: ido a rufe gam, hannu biyu a sama. Na ce duk mai buɗe ido ana addu'a, zuciyarsa na kasuwa. Har abokina Bitrus na tsayar a gaban 'yan mata na yi masa tatas don na kama shi yana leƙe (kada ku tambaye ni yadda aka yi na gan shi). Daga ranar, in na ce a rufe ido, ko kunama ce ta hau mutum sai dai ya daure.

Ranar gayya ta zo. Gaskiya aiki ya yi kyau da safe, abokaina sun fitar da ni kunya, muna ta kai kunya muna dawowa, ciyawa na kwanciya a gindin masara. Baba Nomau na biye da mu a hankali. Dattijo ne a majami'a, ya yi aikin kuza da ƙuruciya, kuma mutum ne da maganarsa ta yini guda ba za ta cika cokali ba. Addu'arsa ma gaisuwar safe ta fi ta tsawo. Tare da shi akwai amininsa Malam Ilu, Musulmi ne, gonarsu kan iyaka ɗaya. Tare suka tashi, shi ke aiko wa gidan Baba nama da Babbar Sallah, su kuma su aika masa shinkafa da Kirsimeti. Ya zo da fartanyarsa ya taya, yana yi yana tsokanata wai ango ya rage sauri kada ya ƙare kafin biki.

Da rana ta take, sai ga mata sun doso da abinci. Rifkatu na gaba da ƙaton akushin tuwon masara a ka, mahaifiyarta Inna Tabawa na jaye da Duna, baƙin jakin gidan, an ɗora masa tulun kunu da tukunyar miya a mangala. Aka sauke komai a gindin ɗorawa, aka zuba kunu a babbar ƙwarya, aka buɗe tuwo yana tururi. Ƙarti suka zubar da fartanyu suka matso, kowa cikinsa na kiran ciroma. Inna ko ɗaure jakin ba ta kai ga yi ba, igiyar na hannunta, sai Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, sa mana albarka."

Jama'a, abin da nake jira ke nan tun da na sauka daga motar Zariya.

Na gyara tsayuwa. Na sa kowa ya kewaye abincin, muka yi da'ira. Malam Ilu ya ja gefe cikin mutunci ya zauna a kan saiwar ɗorawa. Na ce a rufe ido, a ɗaga hannu. Kafin in rufe nawa na lura akwai mai hannu ɗaya a sama, sai na yi magana a dunƙule, na ce Allah ba hannu ɗaya ya ba mu ba. Mutum ɗaya ce tak mai hannu ɗaya a wurin, Inna Tabawa ce, ɗayan kuma igiyar Duna ya riƙe. Baiwar Allah ta ji kunyar surukin gobe, ta saki.

Na fara tun daga halittar duniya. Na gangaro kan kakanninmu da suka zauna cikin duhu, na yi godiya don masu bisharar da suka shigo ƙasarmu a kan keke. Na roƙa wa Fasto da matarsa, na roƙa wa gwamnan soja hikima, na kai ƙarar masu ɓoye takin zamani. Na bi matafiya har cikin dajin Falgore na fito da su lafiya. Na shiga ramukan kuza, na leƙa rugagen Fulani, har Turanci guntu-guntu na riƙa jefawa don Rifkatu ta san ba da wasa na je Zariya ba. Muryata na fita yadda nake so, ni kaina tana burge ni.

Can sai na fara jin huci da wata irin sheshsheƙa daga wajen da Inna take tsaye. Na ce a raina, to, Ruhu ya sauko, surukata kuka take yi. Daɗi ya kama ni, na ƙara wuta.

Sai na ji gyaran murya daga gindin ɗorawa. Aka sake, aka kuma sakewa da ƙarfi. Na ce duk wata muryar da ke neman raba hankalinmu, mun tsawata mata. Ban rufe baki ba na ji hogen ƙasa ya fashe mini a ƙwauri. Wani ya sake samuna a ciki. Nan fa na tabbata Shaiɗan ya fito fili, na ɗaga murya na ce ko jifa ba za ta hana mu ba, an jefi waɗanda suka fi mu. Na ji wani abu ya yi ƙwas kamar ƙwarya ta fashe, na shaida wa jama'a cewa ga sarƙoƙi nan suna tsinkewa. Har wani abu mai ɗumi na ji yana bin yatsun ƙafata, ban dai samo masa fassara ba tukuna, ina cikin nema.

Duna ne ya rufe addu'ar. Ya saki kuka a daidai kunnena, irin mai tsawon nan da ke ƙarewa da shaƙewa. Na buɗe ido ba shiri.

Ga shi tsaye a tsakiyar da'ira, bakinsa fari fat da kunu har hanci. Ƙwaryar ta rabe biyu. Ƙafarsa ɗaya na cikin akushi, tuwon da bai ci ba ya taka, tukunyar miya ta kife, kuɓewa ta malalo ta kewaye ƙafafuna. Kewaye da shi kuma ga ƙarti majiya ƙarfi, hannuwa a sama suna rawa don gajiya, wasu har yanzu idonsu a rufe don ban ce Amin ba.

Malam Ilu ya taso da sauran hoge a hannu, duk ya damu. Ya ce, "Ka yi haƙuri ɗana, jakin nake nufi, hannun ne ya tsufa. Na so in shiga in kamo shi, to a wurinmu ba a gitta gaban mai ganawa da Ubangijinsa. Ina ta jira ka sallame, ba ka sallame ba."

Daga baya Bitrus ya faɗa mini tun jakin na kan kunu ya leƙa ya gani. Ya ce ya auna yunwa da tsayuwa gaban 'yan mata karo na biyu, ya zaɓi yunwa. Ashe ba shi kaɗai ba ne, kusan rabinsu sun gani, kowa na jiran wani ya fara tona kansa.

Baba Nomau ya matso. Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya ja Duna ya ɗaure, ya dubi tuwon, ya ce to, Amin. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Gayya ta watse a nan, don ba mai noma da yunwa, aka bar rabin gona da ciyawa. Na ga Rifkatu ta durƙusa tana tsince sakainar ƙwarya, ko inda nake ba ta kalla ba.

Kafin magariba labari ya gama gari, kafin Lahadi na sami sabon suna, Faston Duna. Ranar Lahadin zazzaɓin ƙarya ya kwantar da ni. Ina kwance ina jiyo ƙarar jan babur ya wuce wajen rafi. Na tabbata na rasa Rifkatu, kuma a kan jaki.

A hanyar injin niƙa muka yi kiciɓis da ita bayan 'yan kwanaki. Na so in ratse cikin dawa, ta kira ni. Na ɗauka dariya za ta yi mini kamar kowa, har na shirya yaƙe. Ba ta yi ba. Ta sauke kwanonta ta nuna mini tafin hannunta, duk ya yi bororo ya fashe. Ta ce ita kaɗai ta surfa masarar nan, ta hana ƙannenta taɓawa, don tana so a ce tuwon gayyata daga hannunta ya fito.

"Malam," ta ce (tun da na dawo daga Zariya take kirana haka, a da ina jin daɗi), "ba jakin ne ya ba ni haushi ba. Na kasa kunne tun daga farko har ƙarshe. Gwamna ya samu, direbobi sun samu, har masu ɓoye taki ka tuna da su. Tuwon nan fa, ko sau ɗaya ba ka ambace shi ba. Shi kuma aka ce ka sa wa albarka."

Ta ɗauki kwanonta ta wuce. Na tsaya a hanya ina bin addu'ar daki-daki a kaina, ina neman inda na ce mun gode da abinci. Babu. Na sake bi ina neman inda na tuna da Allahn da nake ta kiran sunansa, nan ma ban samu ba. Tun daga halittar duniya har kukan Duna, tunanina ɗaya ne, yaya muryata ke sauka a kunnen Baba Nomau. Wannan ya fi hogen Malam Ilu zafi, kuma a wannan karon na san ni aka nufa.

Washegari na tattara sauran mutuncina na je na durƙusa gaban Baba. Yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Na soma jero ban haƙuri, nan ma zan yi tsawo, ya ɗaga mini hannu. Ya ce shi bai ga laifin da na yi masa ba, Duna ma godiya yake. Ya ce ciyawa dai tana nan inda muka bar ta, Allah kuma yana jin magana ko a hankali aka yi ta.

Da ƙyar na sake haɗa gayya. Bitrus ya ce zai zo, amma sai ya ci ɗumame ya ƙoshi a gida. Muka ƙarasa gonar, abinci ya iso, na ga Inna Tabawa ta ja Duna can nesa ta yi masa ƙulli biyu, ta ja ta gwada. Na raɓe bayan mutane ina fatan a manta da ni. Baba ya leƙo ya ce, "Ɗana, sa mana albarka."

Wani ya yi tari. Malam Ilu ya ce bari ya matsa kusa da hoge ko za a buƙata. Na sunkuyar da kai, muryar Zariya ta gudu ta bar ni da tawa ta ainihi. Na ce, "Uba, mun gode da tuwon nan, da hannun da ya surfa, da wanda ya tuƙa. Cikin sunan Yesu." Ban taɓa jin Amin mai ƙarfin ta ranar ba, ko a Zariya.

Baba yana wanke hannu, bai ko dube ni ba, ya ce in gaya wa manyana su zo bayan an yi girbi.

Abin da na koya bai da yawa. In an ce ka sa wa abinci albarka, abincin za ka sa wa, gwamna ya jira Lahadi. Kafin ka ce a ɗaga hannu kuma, ka duba abin da mutane suka riƙe. Ba zan ce na warke sarai ba, har yanzu wani lokaci in muna addu'ar safe da yara sai in ji muryar nan tana taso mini, in kama hanyar Falgore. Rifkatu ba ta buɗe ido, ba ta ɗaga murya. A hankali take cewa, "Duna." Ni kuma sai in ce Amin.