Mijin da Mai Hoto Ya Gyara

"Lafiya lau, amarya, sai dai kewarki da ta hana ni cin abinci. Yaya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Cire min takalman nan masu kama da kwale-kwale kafin ka taka min shimfiɗa. Ina saƙona?"

Kaka ce ke tambayar daga kujerarta ta gindin taga, tana hararar jikanta Dogo, mai gyaran lantarki, wanda ya shigo rungume da wani abu naɗe a jarida. Tun ranar da iska ta bugo ƙofa, hoton bango ya faɗo gilashinsa ya tarwatse, ba ta sake samun sukuni ba. Shi ne kaɗai hoton da ta taɓa ɗauka da marigayi mijinta, kuma kowace safiya da shi take fara faɗa kafin ta waiwayi masu rai. Da ƙusar ta zauna babu komai, sai faɗan ya taru mata a ciki har ya fara shafar waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Aike ɗaya ta yi wa Dogo, ba biyu ba: ya kai wa mai hoto a sa sabon gilashi.

"Rufe idonki tukuna."

"In rufe ido a gabanka? Yaushe aka fara ba kura ajiyar nama? Buɗe in gani."

Dogo ya warware jaridar a hankali, yana wani fankama kamar wanda ya zo da kyautar mota, ya ɗora mata hoton a cinya. Kaka ta maƙala tabarau. Ta duba, ta cire tabaraun ta goge da bakin zane, ta sake dubawa. Hoton da ta sani baƙi da fari ne. Wannan kuwa launi har yana kashe ido: ga wani mutum santalele, fuska sumul, hula a daidaice, agogon zinariya a hannu, yana tsaye gaban wani lambu mai furanni. Kusa da shi wata yarinya tana washe haƙora. Kaka ta miƙa hannu ta jawo mayafinta ta yafa.

"Dogo, wane ne wannan ka shigo min da shi ɗaki ba sallama?"

"Abokin takarata mana. Mijinki na da, wanda na karɓe ki daga hannunsa."

"Ƙarya kake, mijin wahala! Ni ban taɓa ganin bawan Allahn nan ba."

"Gyara aka yi masa. Mai hoto ya sa shi a kwamfuta ya wanke shi tas. Ni na ce a yi, don kada a ce ina baƙin ciki da shi."

"Wa ya aike ka? Gilashi na ce! Gilashi! Ko kunnuwan nan naka ado ne kawai? Au, ga ma maganar kunnuwa. Ina kunnuwansa?"

"Ga su nan, an ɗan kwantar da su."

"An kwantar da su! Kunnuwan da yana raye ba su kwanta ba ko a kan matashi, sai da ya mutu wani yaro zai kwantar masa? Mutumin da in ya tsaya a bakin ƙofa iska ba ta shigowa?"

"To ai shi ya sa. Ni da na gaje su na san wahalar da nake sha. In na hau babur suna rage min gudu."

"Kuma wannan agogo na uban wane ne? Kakanka da inuwar katanga yake duba lokaci, kuma kullum a makare yake. Yanzu mutane su shigo su ga zinariya a hannunsa, su ce ya bar dukiya ni na danne?"

"Sai ki ce ni na saya masa. Kyautar sallama, tunda ya bar min ke."

"Kai da ko batirin tocila sai ka ce a biyo ka bashi? Garin neman gira ka rasa min ido, kana tsaye kana min baki. Wannan kuma wace ce take washe baki kamar mai tallan man goge haƙori?"

"Ke ce, amarya. Dubi yadda kika yi kyau. Da na san haka kike da tun kafin a haife ni na kawo kuɗin aure."

"Ni? Ni na yi dariya a ranar nan? Wallahi ban yi ba! Rantsuwa na yi ba zan yi ba, kuma ban yi ba. Wa ya ba shi izinin buɗe min baki?"

Nan ne idonta ya sauka a kafaɗar yarinyar hoton. Ta sa yatsa ta shafa wurin, ta ɗago a hankali. Ko Dogo da ya saba da guguwarta sai da ya ja da baya taki ɗaya.

"Ina taɓon?"

"Wane taɓo? Au, dattin nan na kafaɗa? Mai hoto ya ce shi ya fi ba shi wahala. Ya ɗauka ruwa ne ya ɓata takardar."

"Datti! Shaidata ce ya goge, azzalumi! Zauna, dogon banza, ka ji abin da ka yi. Ranar da za a ɗauki hoton nan kakanka ya goya ni a keke, ina sanye da sabbin kayana, yana ta cika baki wai shi ko ido rufe zai tuƙa. Akuya ɗaya ta gifta. Ɗaya tak! Ya zuba ni a kwata, shi kuwa ko ƙafar wandonsa ba ta jiƙe ba. Muka isa wurin mai hoto haka, don ya riga ya biya, ya ce ba zai yi asara ba. Kuma har ya koma ga Allah yana cewa wai ni na tsorata na yi tsalle."

"To wa ya sani? Wataƙila tsallen kika yi."

"Ka ji irin gadon! Wanda ya yi tsalle da ƙafa yake sauka ko da kafaɗa? Duk lokacin da ya tayar da maganar, yatsa kawai nake nuna masa bango, sai ya yi tsit. Shekara da shekaru ina cin shari'ar nan kullum safe. Yau kai da wani mai kwamfuta kun haɗa baki kun wanke shi."

"Ai gara haka. A yafe wa mamaci."

"Na yafe masa komai, har da tukunyata da ya fasa ya ce mage ce. Wannan ne ban yafe ba, kuma shi ma ba ya so in yafe. Dubi nan! Har idonsa na hagu sun buɗe."

"Ƙiftawa ya yi lokacin da aka ɗauka, shi ne aka gyara."

"Ba ƙiftawa ba ce, jahili. Dariya yake ƙunshewa. In dariya ta ciyo shi yana tsoron in gani, haka idon yake kannewa. Wannan da ya zuba min ido biyu kamar mai karɓar haraji, da wane baki zan yi masa faɗa? Sai dai in gaishe shi in kawo masa ruwa. Ɗauke shi. Miƙo min tsohon."

Dogo ya sosa ƙeya.

"Tsohon?"

"Wanda na ba ka."

"Ai... da sabo ya fito, ban... ina jin yana can shagon."

"Kana ji?"

"Haba amarya, me za ki yi da tsohon miji ga sabo a hoto, ga wani sabon kuma a tsaye gabanki? Mace ɗaya maza uku, ai haɗama ce."

Tabarmar kunya yake naɗewa da hauka, kuma Kaka ta gane. Ya ciro waya ya kira mai hoto, waya a kashe. Ya sake kira, haka. A ransa kuwa yana tuna kwandon da ya gani ƙarƙashin teburin shagon, cike da yankakkun takardu.

Kaka ta kalli ƙusar bango. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Kwanan nan in ta rufe ido tana neman fuskar mutumin nan, muryarsa takan zo, tarinsa yakan zo, amma fuskar sai ta ƙi haɗuwa har sai ta dubi bango. In tsohon hoton ya tafi, ta san wata rana wannan santalelen baƙon ne zai zauna mata a ka, ya kori mai wurin. Dogo ya ga yadda fuskarta ta sauya, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Kaka," ya ce, ya manta da amarya. "Bari in hau babur yanzu in je. Ko gidansa ne zan nemo shi."

"Za ka je. Amma kafin nan fitar min da mutumin nan daga gilashina. Gilashin dai nawa ne, shi na aika a kawo. Ba zai kwana a ɗakina ba, ni matar mutunci ce."

Dogo ya durƙusa ya kifa hoton a ƙasa, ya zaro sukudireba daga aljihun gaba, ya shiga ɗaga 'yan ƙusoshin baya ɗaya bayan ɗaya. Ya cire kwalin. Sai ga wata takarda mai kauri da ta yi ruwan ƙasa, gefenta a cinye, an sa ta ta tokare sabon hoton don kada ya yi motsi. Ya juyo ta.

Ga kunnuwa nan a miƙe, ga hula ta karkace, ga ido ɗaya a kanne. Ga wata yarinya ta haɗe rai kamar za ta ci mai hoton ɗanye, kafaɗarta baƙi ƙirin da taɓo.

Kaka ta karɓe shi da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, ta ja hanci, ta ture mayafin daga kanta. Sannan murya ta dawo, har da ƙari.

"Ka ga abin da suka yi maka? Tokari! Sun mai da kai tokarin bayan wani ɗan gayu, kana ciki ka yi lamo, ko tari ba ka yi ba. Dama haka kake, in an yi ɓarna sai ka ɓuya. To ga ni, ga ka, ga taɓo!"

"Alhamdu lillahi," in ji Dogo, yana share gumi. "Kin ga ai ni na tsara haka. Na ce wa mai hoto ya ɓoye shi a baya don in gwada ko har yanzu kina son sa."

"Rufe min baki, maƙaryaci. Gumin da ke goshinka ma ya isa wanka. Mayar da mai gidan gaba. Shi kuma kyakkyawan sa shi a baya ya tokare, ya ɗanɗana abin da ya yi wa mutane."

"Da agogonsa da lambunsa?"

"Da su duka. Ya zauna a duhu ya yi ta duba lokaci."

Dogo ya juya su, ya mayar da ƙusoshi, ya goge gilashin da gefen rigarsa. Bai nemi kujera ba, miƙa hannu kawai ya yi ya rataye hoton. Ya ja da baya ya tsaya kusa da shi yana nazari, hannu a haɓa.

"Amma fa amarya, tsakani da Allah, yanzu da na duba da kyau..."

"Me ka gani?"

"Mutum zai iya yin tsalle, ƙafa ta zame, ya sauka da kafaɗa. Ni dai na ce tsalle kika yi."

Kaka ta buɗe baki za ta sauke masa kwandon zagi, sai ta tsaya. Dogo ya daure fuska iyakar ƙarfinsa, leɓe a matse, amma idonsa na hagu ya ci amanarsa, ya kanne. Ta dubi na bango, ta dubi na tsaye. Kunnuwa huɗu, ido biyu a kanne, ƙarya ɗaya.

Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da dukan cinya, har tabarau ya zamo kan hanci, hawaye na bin kumatu. Da ta lafa ta nuna akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado. Dogo ya jawo shi. Ta ɗaga zannuwa, ta zaro wata tsohuwar hular marigayin da aka naɗe a ƙyalle, wadda ba ta taɓa barin kowa ya taɓa ba, ta karkaɗe ta, ta cilla masa a ƙirji.

"Ungo, mijin wahala. Tunda ka gaji ƙaryar, gaji hular."

Ya ɗora ta a ka. Kunnen dama ya ture ta, ta karkace.

"Bar ta haka," in ji Kaka. "In ka kuskura ka gyara, sai na ci mutuncinka."