Ɗan Sama Jannati Ya Tafi Bikin Yaye 'Yarsa

A duk ofishin babu wanda ya san sararin samaniya kamar Mataimakin Darakta. Sau ɗaya aka taɓa tura shi taro a jirgin sama, kuma har yau ƙafarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba. Ka tambaye shi nisan kasuwa, sai ya auna maka a miƙe, ta saman rufin gidajen mutane. Ma'aikata suka raɗa masa Ɗan Sama Jannati. Da ya ji, ya ɗauka ƙarin girma ne.

Ana nan sai ga bikin yaye babbar 'yarsa a jami'ar wani gari da ke kusa. Ita ce ta fara kaiwa nan a zuriyarsu, kuma abu ɗaya ta roƙa: Baba ya kasance a zaure lokacin da za a kira sunanta. Ƙanen matarsa ya kawo mota, ya ce tafiyar awa uku ce, kowa ya shigo.

"Awa uku!" in ji Ɗan Sama Jannati. "Maman yara, tsakanin filin jirginmu da nasu minti arba'in ne. Mutum irina ba ya auna tafiya da kwalta. Ku je, za ku tarar na sha shayi har na miƙe ƙafa."

"Allah ya tsare," ta ce, ta ci gaba da ninke kaya.

Shi ya riga su fita, domin filin jirgin yana can bayan gari, inda gidaje suka ƙare. A wurin bincike ya gabatar da muƙaminsa, aka saurara da ladabi, sannan aka sa ya cire takalmi da hula. Ya zauna a ɗakin jira. Aka sanar cewa jirginsu yana wani gari, shi ma yana jiran wani jirgin. Bai damu ba. Ya samu wani fasinja ya yi ta yi masa lacca a kan darajar lokaci, har bawan Allah ya tafi bayan gida bai dawo ba.

Matarsa ta bugo ta ce sun isa.

"Kun sha wuya," ya ce, cike da tausayi.

A yi wa mutumin adalci: da jirgin ya tashi, minti arba'in ɗin ya yi, ba ƙari ba ragi. Idonsa na kan agogo har suka sauka. Sai dai nasu filin ma a daji yake, kuma tasi ta bi da shi ta kwaltar nan da ya raina.

Da ya isa zauren, ya tarar ana tattara kujeru. 'Yar tana zaune a kan matakala, hular bikin a cinyarta.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ya miƙa mata agogonsa. "Minti arba'in cif."

Babu wanda ya musa.

Yanzu hoton bikin yana rataye a falonsu: yarinya a tsakiya, uwa a dama, kawu a hagu ya dafa kafaɗarta. Makon jiya wata sabuwar maƙwabciya ta shigo gaisuwa, ta tsaya ta ƙare wa hoton kallo, ta nuna kawun.

"Tubarkalla! Yarinya ta ɗauko mahaifinta sak." Sannan ta juya ga mai gidan da ke zaune ƙarƙashin hoton. "Malam, kai ma baƙo ne?"