Yashin Suyar Gyaɗa

"...da gajiya kuma, angon banza? Ka gaishe ni kana kallon ƙasa kamar wanda ya ci amana."

Shamsu bai ɗago ba. Yana tsugune a tsakar gidan kakarsa Zuliha a Sabon Gari, gaban gwangwanayen da ya dasa rassan rumman ɗin Malam, marigayi kakansa, a ciki. Ya yanko su ne daga garkar Jiratawa kafin wanda ya saye ta ya sare itacen. Duk sun bushe, sai guda mai ganye biyu.

"Tsohuwa, ke kika kashe su."

"Ni? Da wane hannun?"

"Da yashinki! Na ce zan tahi Gulbi in ɗebo mai tsakuwa, kika ce ga naki na suyar gyaɗa, tankaɗaɗɗe, ya sha wuta, ba ƙwaron da ya rage."

"Ƙarya na yi? Ka ga ƙwaro?"

"Ban ga ƙwaro ba, ban ga ganye ba. Gishirin gyaɗarki duk yana ciki. Na lasa, kamar miyarki."

"Miji mai lasar ƙasa! Kai, na yi asarar aure. Sake ni in huta."

"Wa zai kwashe ki, ba haƙori? Kishi ne kawai. Malam ya fi son itacen nan da ke."

Ya jira ta rama. Ta taɓa busasshen reshe, ya karye a hannunta.

"Ya fi son shi mana," ta ce a hankali. "Kullum in ya dawo daga garka da rumman guda a aljihu. Ni ko in ce tsami gare shi, in ba yara. Ban taɓa ce mishi da daɗi ba."

Shamsu ya ji kunyar bakinsa. Ya jawo gwangwanin mai rai.

"Wannan in an wanke saiwar yau, aka sake mishi yashin Gulbi da taki, wataƙila ya tashi."

Ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar rariyarta, wadda ko taɓawa ba ta bari a yi.

"Ungo, ragon miji, ka ka da ni, ka tankaɗe takin da ita. Hau kabu-kabu ka tahi tun rana ba ta yi ba." Ta yi dariya tana goge ido da gefen zane. "In ya yi ɗiya, na farko nawa ne. Ko ya kai tsamiya tsami, sai na shanye shi."